Guguwar teku ta wuce cikin kwana ɗaya, me ya sa masifarta ke ɗaukar shekaru?

Duk lokacin da mahaukaciyar guguwar teku ta afka wa wata ƙasa, labarin da ke iso mana kusan iri ɗaya ne: iska ta yi gudun kilomita kaza a awa, ta kwashe rufin gidaje, mutum kaza sun rasu. Bayan mako guda sai a ji shiru, mai sauraro ya ɗauka an kwashe ɓaraguzai, rayuwa ta koma yadda take. To amma idan guguwar ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu a kan gari, me ya sa shekara biyar bayanta ake samun iyalai a gidajen wucin gadi? Me kuma ya sa guguwa biyu masu ƙarfi kusan ɗaya, wannan ta kashe dubun-dubatar mutane, waccan ba ta kashe ko ɗari ba?

Mece ce wannan guguwa, daga ina take samun ƙarfi?

Daban take da guguwar da ke tashi a fili ta murɗa ƙura ta mutu cikin 'yan mintuna. Wannan a kan teku take samuwa, faɗinta kan kai ɗaruruwan kilomita, tana kuma iya yin makonni tana tafiya. Ruwan ɗumi ne abincinta. Idan zafin saman teku ya kai digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, tururi mai yawa kan tashi sama ya zama gajimare, yana sakin zafi. Zafin ya ƙara tura iska sama, iskar gefe ta kwararo don cike gurbin, juyawar duniya kuma ta sa ta riƙa kewayawa. A tsakiya akwai wurin da ake kira idon guguwa, inda iska ke lafawa har sama ta washe. Mutane sun sha halaka a wannan gaɓar: sun ɗauka an gama, sun fito duba ɓarna, sai ɗaya ɓangaren ya iso da iska daga wata fuskar.

A Tekun Atlantika ana ce mata harikan, a yammacin Tekun Fasifik taifun, a Tekun Indiya saikulon, duk abu ɗaya ne. Idan iskarta ta kai kusan kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna, idan ta kai 119 ta zama cikakkiya. Daga nan ma'aunin Saffir-Simpson ke kasa ta mataki biyar, na biyar yana farawa daga kilomita 252 a awa.

Iska ake tsoro, ruwa ke kisa

Babban kuskuren fahimta yana cikin wannan ma'auni. Ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, ba ya faɗin komai game da ruwa. Mutum ya ji an ce guguwa ta sauko daga mataki na huɗu zuwa na biyu, sai hankalinsa ya kwanta ya fasa barin gida. Alhali wani nazari da aka yi kan guguwoyin da suka afka wa Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin kowane mutum goma da guguwa ta kashe kai tsaye, ruwa ne ya ci su.

Mafi muni shi ne toroƙon teku. Iska na tura ruwan teku gabanta kamar yadda ake tura hatsi da hannu zuwa bakin faifai, idan ya iso gaɓa sai ya hau tudu, wani lokaci tsawon mita biyar ko fiye, ba kuma a hankali yake zuwa ba. Shi ne ya share birnin Tacloban na ƙasar Filifin ranar 8 ga Nuwamban 2013, lokacin guguwar Haiyan da ta kashe fiye da mutum 6,000. An yi gargaɗi, mutane da dama sun bar gidajensu, amma da yawa ba su gane cewa tekun ne zai shigo gari ba, iska suke jira. Wasu wuraren da aka ware don fakewa ma a bakin teku suke, ruwa ya iske mutane a ciki.

Guguwar Katrina da ta afka wa Amurka a watan Agustan 2005 tana mataki na uku lokacin da ta hau tudu a jihar Louisiana. Katangun da aka gina don tare ruwa ne suka fashe a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans ya nutse. Wato rabin wannan masifa aikin injiniyoyi ne da ba a yi shi da kyau ba tun shekaru kafin guguwar.

Sai ruwan sama. Guguwa mai jan ƙafa ta fi mai sauri haɗari ta wannan fuska. Harvey ta tsaya a kan jihar Texas a 2017 ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wasu wurare cikin 'yan kwanaki. Irin wannan ruwa ba ya tsayawa a bakin teku. Malawi ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, amma a watan Maris na 2023 guguwar Freddy, wadda ta yi kwana 36 tana raye har ta kafa tarihi, ta jiƙa tsaunukan kudancin ƙasar har ƙasa ta zaftaro kan unguwannin Blantyre. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓata sun haura dubu. Haka aka yi a yankin Chimanimani na Zimbabuwe a 2019. Mutanen da ke zaune a gindin tsauni, ɗaruruwan kilomita daga teku, ba su taɓa sa wa ransu cewa guguwar teku ta shafe su ba.

Mutuwar da ba ta shiga lissafi

Adadin mamatan da ake sanarwa a makon farko shi ne ke zama a kan mutane, kuma kusan kullum ya gaza gaskiya nesa ba kusa ba. Bayan guguwar Maria ta ratsa tsibirin Puerto Rico a watan Satumban 2017, hukumomi sun yi watanni suna cewa mutum 64 ne suka mutu. A watan Agustan 2018 binciken Jami'ar George Washington ya ƙiyasta mutum 2,975, gwamnatin tsibirin kuma ta amince da wannan adadi.

Ina sauran suka fito? Ba ruwa ne ya tafi da su ba, ba kuma bango ne ya faɗo musu ba. Wutar lantarki ce ta ɗauke, a wasu yankunan sai bayan kusan wata goma sha ɗaya ta dawo. Mai wankin ƙoda ya rasa inda za a yi masa. Mai ciwon suga ya rasa firjin da zai ajiye allurarsa. Tsohuwar da ke numfashi da na'ura ta wayi gari na'urar ba ta aiki. Hanya ta toshe, motar asibiti ba ta iso ba. A takardar shaidar mutuwa za a rubuta bugun zuciya ko ciwon huhu, sunan guguwa ba zai fito ba. Akwai ma waɗanda hayaƙin janareto ke kashewa cikin barci saboda sun kunna shi a cikin gida, da waɗanda ke faɗowa daga rufi wajen gyara.

Inda ruwan sha ba shi da tsaro, annoba ce ke biyo baya. Guguwar Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik a daren 14 ga Maris na 2019, kafin makonni biyu su cika aka tabbatar da ɓarkewar cutar amai da gudawa, wadda ta kama fiye da mutum 6,000. Ambaliya ta haɗa ruwan masai da na rijiya. Saurin kai rigakafin kwalara, kusan guda 900,000, shi ya taƙaita abin. Ita kuwa Freddy ta iske Malawi tana tsaka da annobar kwalara mafi muni a tarihinta.

Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2024 ya faɗaɗa lissafin, ya ƙiyasta cewa a Amurka kowace guguwar teku na jawo ƙarin mace-mace tsakanin 7,000 zuwa 11,000 cikin shekara goma sha biyar da suka biyo bayanta. Masana na iya muhawara kan adadin, amma hanyar da abin ke bi ba ɓoyayya ba ce: kuɗin da aka tara don magani ya tafi gyaran gida, iyali sun watse, kuɗin hukuma ya koma gyaran gada maimakon asibiti. A ganina duk ƙasar da ta rufe littafin ƙirga mamata bayan wata ɗaya ta zalunci waɗannan mutane sau biyu, domin da adadin ake yanke yawan taimakon da za a kai da tsawon lokacin da za a yi ana kai shi.

Abin da ya fi gida wuyar dawowa

Ana iya sake kafa rufi cikin mako guda. Hanyar cin abinci ce ba ta dawowa da sauri. Idai ta zo ana dab da girbi, ta lalata fiye da hekta 700,000 na amfanin gona a Mozambik, wato abincin shekara da irin shuka na baɗi suka tafi tare. Haiyan ta karya itatuwan kwakwa kusan miliyan 33, sabon dashe kuma sai ya yi shekara shida zuwa takwas kafin ya fara ba da 'ya'ya sosai. Manomin da ke da shekara sittin, me za a ce masa ya ci kafin nan? Inda ruwan teku ya shiga gona, gishiri kan zauna a ƙasa da rijiyoyi har damina ɗaya ko biyu. Masunci kuma jirginsa da komarsa su ne jarinsa duka.

Daga nan ne talauci ke kafa sansani. Iyali su sayar da dabbar da ta tsira da arha, su ci bashi mai ruwa, su cire yaro daga makaranta ya tafi neman kuɗi, wani lokaci a aurar da yarinya tun ba ta isa ba don a rage bakin ci. Makarantun ma su ne ke zama matsugunin waɗanda suka rasa gida, karatu ya tsaya watanni.

Agajin gaggawa daban, sake gini daban

Mutane na haɗa waɗannan biyu, shi ya sa suke mamakin inda kuɗin taimako ya shiga. Agajin gaggawa shi ne ceto, ruwan sha, abinci, tanti da magani, aikin kwanaki zuwa 'yan watanni. Shi ne ke samun kyamara da tausayin duniya. Sake gini kuwa shi ne gidaje, gadoji, layukan wuta, magudanan ruwa, asibitoci da sana'o'i. Shekaru yake ɗauka, kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa, kuma yana farawa ne daidai lokacin da hankalin duniya ya koma wani wuri.

Mozambik misali ce a fili. Mako shida bayan Idai, wata guguwar mai suna Kenneth ta afka wa arewacin ƙasar. A taron masu ba da tallafi da aka yi a Beira a tsakiyar 2019, an ƙiyasta ana buƙatar dala biliyan 3.2 don sake gini, alƙawarin da aka samu ya tsaya a biliyan 1.2. Alƙawari kuma ba kuɗi a hannu ba ne, yakan yi shekaru yana tafiya tsakanin ofisoshi.

Ko a matakin gaggawar ma, siyasa na iya kashe mutane. Guguwar Nargis ta afka wa yankin Irrawaddy na Myanmar a watan Mayun 2008, mutum kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓata. Gwamnatin soji ta lokacin ta yi makonni tana jan ƙafa wajen barin ma'aikatan agaji na waje su shiga, ta kuma ci gaba da shirin ƙuri'ar raba gardama kan kundin tsarin mulki alhali gawawwaki na yawo a ruwa.

Akwai kuma muhawarar da ta daɗe tsakanin masu aikin agaji: a raba kaya ko a ba da kuɗi? Masu goyon bayan kaya na cewa idan kasuwa ta rushe kuɗi ba ya sayen komai, sai dai ya tayar da farashi. Sun yi gaskiya a kwanakin farko. Amma da zarar hanya ta buɗe, kuɗi a hannun iyali ya fi amfani, domin su suka san ko kwanon rufi suke buƙata ko magani ko komar kifi, kuma kuɗin na farfaɗo da 'yan kasuwar yankin. Tsofaffin tufafin da ake turowa daga nesa ba tare da an nema ba sukan cushe tashoshin jiragen ruwa da na sama, su tare wa magani hanya.

Wa zai biya?

Ga babbar ƙasa, guguwa rauni ce a gefe ɗaya na jiki. Katrina ta yi ɓarnar kusan dala biliyan 125, amma tattalin arziƙin Amurka bai durƙusa ba. Ga ƙaramin tsibiri kuwa duk ƙasar ce ke faɗuwa lokaci guda. Ɓarnar da Maria ta yi wa Dominika a dare ɗaya an ƙiyasta ta kai kashi 226 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ƙasar da ba ta da ajiya sai ta ci bashi. Bayan Idai, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Mozambik rancen gaggawa na kusan dala miliyan 118. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma rance ne, sai an biya. Haka ake shiga zagaye: a ci bashi a gina gada, guguwa ta gaba ta tafi da ita, bashin farko na nan.

An fara neman mafita. Ƙasashen yankin Karebiyan sun kafa asusun inshora na haɗin gwiwa a 2007, wanda ke biya cikin kwana goma sha huɗu idan ƙarfin guguwa ya kai wani mizani, ba sai an jira ƙirga ɓarna ba. Amfaninsa sauri ne, rauninsa kuma shi ne guguwa na iya yin ta'adi ba tare da ta kai mizanin ba. Wasu ƙasashen na sa sharaɗi a takardun bashinsu cewa idan bala'i ya auku za a dakatar da biya na wani lokaci. Girenada ta yi amfani da wannan sharaɗi bayan guguwar Beryl ta 2024.

A nan ne maganar sauyin yanayi ke shigowa, kuma ana yawan faɗin ta ba daidai ba. Masana ba su ce yawan guguwoyi na ƙaruwa ba. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna jimillarsu na iya tsayawa yadda take ko ma ta ragu, amma kason masu tsananin ƙarfi zai ƙaru. Duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumi na sa iska ta riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari, wato ƙarin ruwan sama. Tekun ma ya ƙara cika, don haka toroƙonsa na farawa ne daga sama da inda yake farawa a da. Ga kuma saurin ƙarfafa: Otis ta tashi daga guguwa mai matsakaicin ƙarfi zuwa mataki na biyar cikin kusan kwana ɗaya kafin ta afka wa Acapulco na Meziko a watan Oktoban 2023, mutane ba su samu lokacin shiri ba.

Ƙasashe matalauta na cewa ba su ne suka cika sama da hayaƙi ba, don haka bai kamata su biya da bashi ba. Ƙasashe masu arziƙi sun yi shekaru suna gudun duk wata kalma mai kama da diyya, don tsoron kada ta zama hujja a kotu. An amince da kafa asusun asara da ɓarna a taron yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022, a taron Dubai na 2023 aka yi alƙawarin farko na kusan dala miliyan 700. A kwatanta wannan da biliyan 3.2 da ƙasa ɗaya ta buƙata bayan guguwa biyu.

A koma inda aka fito, ko a tashi?

Wannan ita ce tambaya mafi zafi, kuma kowane ɓangare na da hujja. Hukuma na cewa ba hankali ba ne a sake gini inda ruwa zai dawo. Bayan Haiyan an hana gini cikin mita 40 daga bakin teku, aka gina sabbin unguwanni a arewacin Tacloban, nesa da gaɓa. Gidajen sun fi tsaro, amma masunci ba ya kamun kifi a kan tudu, ruwan famfo ya yi wuya, kuɗin mota zuwa wurin aiki ya cinye abin da ake samu. Mutane da yawa suka riƙa komawa bakin teku. Kuskure ne a kira wannan taurin kai. Mutum na auna haɗarin da zai iya zuwa bayan shekara goma da yunwar da ke jiransa gobe.

Takardar mallaka ma na raba mutane gida biyu. Tallafin sake gini yawanci mai takardar fili ake ba, ɗan haya da wanda ya gina a filin da ba nasa ba sukan tashi a tutar babu, kuma su ne tun farko ke zaune a wuri mafi haɗari saboda nan ne ya fi arha. Ko masu takardar ba daidai ake yi musu ba. Shirin tallafin sake gina gidaje na jihar Louisiana, mai suna Road Home, ya riƙa lissafa tallafi bisa darajar gida kafin Katrina maimakon kuɗin gyara shi. Gida a unguwar baƙaƙen fata darajarsa a kasuwa ƙasa take, amma kuɗin siminti da katako ɗaya ne ko'ina, sai aka bar su da giɓi mafi girma. Sai da aka kai ƙara kotu, aka sasanta a 2011.

Abin da Bangladash ta nuna

A watan Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da yau ake kira Bangladash. A 1991 wata ta kashe kusan 138,000. Sidr ta 2007 ta kashe tsakanin 3,000 zuwa 4,000. Da Amphan ta zo a 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan biyu zuwa mafaka, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai hamsin ba. Ƙasar ba ta matsa daga inda take ba, ba ta kuma zama mai arziƙi dare ɗaya ba.

Abin da ta yi shi ne kafa shirin shiri wa guguwa tun farkon shekarun 1970 tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent. Dubun-dubatar 'yan sa-kai ne ke bi gida-gida da lasifika da tutoci, mutanen ƙauyen ne, an san su, an yarda da maganarsu. An gina dubban mafaka na siminti a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. An kuma koyi darasi daga abin da ke hana mutane fita. A 1991 mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, saboda gargaɗi bai iske su a cikin gida ba, wasu kuma ba su iya fita ba tare da izinin maigida ba. Sai aka shigar da mata cikin 'yan sa-kai har suka kai kusan rabi. Wasu na ƙin tafiya don kada su bar dabbobinsu, sai aka tanadi tudun ƙasa na ajiye dabbobi kusa da mafaka. Jihar Odisha ta Indiya ta bi irin wannan hanya: kusan mutum 10,000 ta rasa a 1999, amma a guguwar Phailin ta 2013 ta kwashe kusan miliyan ɗaya, mamatan ba su kai hamsin ba.

Tauraron ɗan'adam na ganin guguwa kwanaki kafin ta iso, matsalar ita ce isar da labarin ga mai kamun kifi cikin harshen da yake ji, tare da wurin da zai gudu. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan rabin ƙasashen duniya ba su da cikakken tsarin gargaɗi, ta kuma sa 2027 a matsayin lokacin da take son kowa ya samu. Ko an cimma wannan, rai kawai gargaɗi ke ceta. Iyalan da suka fito daga mafaka bayan Amphan sun tarar katangun tare ruwa sun fashe, ruwan gishiri ya mamaye gonaki da tafkunan kiwon kifi, a wasu ƙauyukan kudu maso yammacin ƙasar kuma ruwan teku ya yi watanni yana shiga yana fita a tsakar gidaje kafin a toshe ɓarakar.